Finafinan Kwango, majami'u da aikin jinƙai: don wa ake ɗaukar hoton?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon jiya na kalli fim ɗin Dieudo Hamadi mai suna En route pour le milliard, wanda ya fito a 2020, kuma tun daga ranar wata tambaya ta hana ni sakat. Fim ɗin ya bi sawun wasu mutanen Kisangani ne da suka rasa ƙafafu da hannaye a yaƙin kwana shida da sojojin Ruwanda da na Yuganda suka gwabza a tsakiyar garinsu a watan Yunin 2000, yaƙin da ya ci rayuka fiye da 1,000. Bayan shekara 18 suna jiran diyya ba amo ba labari, sai suka hau jirgin ruwa na dakon kaya, suka gangara kogin Kwango tafiyar kilomita kusan 1,700 zuwa Kinshasa domin su kai kukansu da kansu. Akwai wurin da hadari ya taso musu a tsakiyar ruwa, kowa ya kama gefen tamfol yana kokawa da iska, masu sanduna da masu ƙafar roba duk suna ciki, kuma babu wata murya da ta fito tana roƙon mai kallo ya tausaya musu. Hamadi ɗan garin ne, yana da shekara 16 lokacin da aka yi yaƙin. Abin da ya dame ni shi ne, yawancin finafinan da suke iso mana game da wahalar Kwango ba irin wannan ba ne. Majami'u da ƙungiyoyin agaji ne suke ɗaukar nauyinsu domin tara gudummawa a Turai da Amurka. Ina son jin ra'ayinku: wannan taimako ne ga mutanen, ko kuwa an mai da hawayensu haja?

Dakta Iliyasu:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Tambayarka tana da tushe mai tsawo, domin a Kwango fim da coci tare suka taso. A zamanin mulkin Beljiyam, hukuma ce take tantance finafinan da baƙar fata zai iya kallo, bisa hujjar wai hankalinsa bai kai ya kalli abin da Bature yake kallo ba. A 1946 cocin Katolika ya kafa cibiyarsa ta shirya finafinai domin 'yan ƙasa, kuma limamai ne suka riƙe na'urorin: Fada Alexandre Van den Heuvel a Léopoldville, wato Kinshasa ta yau, da Fada Roger De Vloo a yankin Kivu da ke gabashin ƙasar, da Fada Albert Van Haelst a Luluabourg, wadda yanzu ake kira Kananga. Shi Van Haelst ne ya yi jerin gajerun finafinan barkwanci na Matamata da Pilipili a shekarun 1950, waɗanda mutane suka so ƙwarai domin a cikinsu suke ganin fuskoki irin nasu a kan allo. Ana zagayawa da su gari-gari ana haskawa, kamar yadda iyayenmu suka san majigi a ƙasar Hausa. Darussan kuwa su ne tsafta, da tattali, da riƙon aure, da biyayya ga na gaba. Ba na musun cewa wasu daga cikin limaman nan da kyakkyawar niyya suka yi aikinsu, amma ɗan Kwango yana gaban kyamara ne kawai, ba a ba shi damar tsara labarin ba, shi ya sa da aka sami 'yancin kai a 1960 sana'ar ta durƙushe kusan gaba ɗaya. Sai a 1987 aka ga fim irin La Vie est belle na Mweze Ngangura da Benoît Lamy, wanda Papa Wemba ya fito a ciki, sannan a 1999 Ngangura ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Fespaco a Wagadugu. Ka ga tazarar da ke tsakani. A ganina matsalar da kake magana a kai gadon wancan zamani ce, inda mai kuɗi da na'ura yake yanke abin da ya dace talaka ya gani game da kansa.

Alhaji Mamman Maraɗi:
Dakta, Allah ya ƙara sani. Ni ba malami ba ne, amma na yi shekaru ina aikin jigilar kaya da wata ƙungiyar agaji a Kivu ta Kudu, kuma gani ya kori ji. Wata rana da yamma muka kai injin janareto da allo wani ƙauye da ke kan tsauni, hanya duk jan laka, aka kafa allon a filin makarantar mishan domin nan ne kaɗai wurin da zai ɗauki jama'a. Limamin cocin ne ya yi shela tun ranar Lahadi, shi ya sa kafin magariba fili ya cika, maza a gefe, mata da goyo a gefe, yara a kan bishiyoyi. Fim ɗin da harshen Suwahili yake, a kan matan da aka yi wa fyaɗe a lokacin yaƙi, mazajensu kuma suka kore su. Da aka gama aka kunna fitila, sai aka yi tsit na ɗan lokaci, can wani magidanci ya miƙe ya ce shi ma ya kori matarsa bayan 'yan bindiga sun keta mata haddi, kuma yau ne ya fara jin wani namiji ya faɗi a bainar jama'a cewa ba laifinta ba ne. Ya zauna yana share fuska da hularsa. Da ba limamin ne ya kira taron ba, wallahi ba na jin mutum ashirin za su zo, domin a wuraren nan mutane sun daɗe da yanke ƙauna daga gwamnati da soja, coci ne ya rage musu makaranta, shi ne asibiti, shi ne wurin fakewa idan harbi ya tashi. Saboda haka ina roƙon kada mu haɗa komai a kwando ɗaya. Fim ɗin da aka yi domin a nuna wa masu kuɗi a Turai daban, wanda aka yi domin a haska wa mutanen ƙauyen da abin ya shafa daban.

Malama Rifkatu:
Na gode wa Alhaji da ya faɗi wannan, domin ni Kirista ce kuma ma'aikaciyar jinya, kuma na ji zafin kalmar haja da Malam Habibu ya yi amfani da ita, ko da yake na fahimci inda ya dosa. Mu dubi asibitin Panzi da ke Bukavu. Dakta Denis Mukwege, ɗan fasto ne, ya buɗe shi a 1999 a ƙarƙashin wata ɗarikar Pentikostal, kuma an yi wa mata fiye da 50,000 da aka ci zarafinsu magani a wurin. A watan Oktoban 2012 'yan bindiga suka kai masa hari a gidansa suka kashe mai gadinsa, ya fice daga ƙasar, amma matan yankin suka riƙa sayar da abarba da albasa suna tara kuɗin tikitin da zai dawo, kuma ya dawo a farkon 2013. Da Thierry Michel da Colette Braeckman suka yi fim a kansa a 2015, mai suna L'homme qui répare les femmes, wato mutumin da yake gyara mata, gwamnatin Kinshasa ta hana nuna shi a watan Satumba bisa zargin ya ɓata sunan soja, sai da aka yi ta matsa lamba kafin ta janye hanin. Idan fim ɗin kasuwanci ne kawai da hawayen mata, me ya sa masu mulki suka ji tsoronsa? Shekara uku bayan haka Mukwege ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya tare da Nadia Murad, kuma duniya ta daina cewa ba ta san abin da ke faruwa a Kivu ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta ko da a kan namu ne. Na taɓa aiki a sashen masu yoyon fitsari a wani asibiti, aka kawo mana baƙi daga waje da kyamarori, aka ce za a yi fim na neman tallafi. Babu wanda ya zauna da matan ya yi musu bayani da harshensu, takarda kawai aka miƙa suka dangwala. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 16 ba ta ja mayafinta ta rufe fuska, sai aka ce mini in lallashe ta ta buɗe domin fuskarta ce za ta taɓa zuciyar masu bayarwa. Na lallashe ta, ta buɗe, kuma har yau ina jin nauyin abin a raina. Kuɗin ya zo, an sayi gadaje, amma yarinyar ba ta taɓa ganin fim ɗin ba, ba ta kuma san ƙasashen da aka nuna fuskarta ba.

Malam Habibu:
Malama, ki gafarce ni idan kalmar ta yi kaifi. Labarin yarinyar nan shi ne ainihin abin da nake nufi, kuma kin faɗe shi fiye da yadda zan iya.

Sagir Mai Tace Hoto:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda yake cin abinci da wannan sana'a. Fim kuɗi yake ci, kuma a Kwango babu kasuwar da za ta mai da wa mai shiri jarinsa. Gidajen silima na Kinshasa sun rufe ɗaya bayan ɗaya, wasunsu ma majami'u ne suka koma, gwamnati kuwa ba ta da wani tsayayyen asusun tallafa wa masu fim. Matashin da ya koyi riƙe kyamara a Goma ko Bukavu, idan yana son biyan kuɗin haya, ƙofa biyu ce a buɗe gare shi: ta ƙungiyar agaji da ta coci. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Za a ba shi jigo, a ba shi saƙon da ake so ya fito, wani lokaci har da jimlar da za a rufe da ita, shi aikinsa ya ɗauka ya tace. Wannan ne abin da Petna Ndaliko Katondolo ya daɗe yana ƙorafi a kai. Shi ne ya kafa cibiyar Yolé!Africa da ke Goma, inda ake koya wa matasa fim da kiɗa, ake kuma shirya bikin finafinai, domin su ba da labarin garinsu yadda suka san shi, ba yadda takardar neman tallafi ta tsara ba. Mu ma nan mun san ɗanɗanon abin, duk wanda ya taɓa yin wasan faɗakarwa da kuɗin wata ƙungiya ya san yadda ake jan layi a kan rubutunsa. Ba na cewa a daina karɓar kuɗin, domin da babu gara ba daɗi. Abin da nake nema shi ne a bar ɗan ƙasa ya riƙe alƙalami da almakashin tacewa. Viva Riva! na Djo Tunda Wa Munga, da aka yi da harshen Lingala a 2010, labarin fasa-ƙwaurin man fetur ne, babu wa'azi a cikinsa, amma ya nuna wa duniya cewa mutanen Kinshasa suna da rayuwa cikakkiya da dabara da buri, ba layin karɓar abinci kaɗai ba.

Hajiya Rabi:
Sagir, ɗana, maganarka ta shiga. Ni kuma akwai gefen da nake ganin an tsallake, kuma ina fata Malama Rifkatu za ta ɗauke shi da kyakkyawar fahimta. Muna magana kamar duk fim ɗin addini jinƙai yake koyarwa, alhali a Kinshasa akwai tashoshin talabijin na majami'un farkawa masu yawa, kuma wasannin kwaikwayon da suke nunawa, waɗanda ake kira maboke, sun cika da labarin maita da aljanu da fitar da su a hannun fasto. A wannan birni ne kuma dubban yara suke kwana a titi, da yawansu an kore su ne daga gida bayan an ce su mayu ne suka jawo mutuwa ko talauci ko rashin aikin yi. Abin ya yi tsanani har dokar kare yara ta 2009 ta tanadi ɗauri ga wanda ya jefi yaro da maita. Rachel Mwanza, wadda ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin finafinai na Berlin a 2012, ita kanta an jefe ta da maita tana ƙarama, ta yi zaman titi. To idan uwa ko kishiyar uwa ta kwana tana kallon wasan da yaro yake rikiɗa da dare yana cin naman mutane, me za ta yi tunani idan ɗan da take riƙo yana firgita a barci ko yana fitsarin kwance? Allon da yake sa miji ya mai da matarsa, shi ne kuma yake iya sa a jefa yaro a titi.

Malama Rifkatu:
Hajiya, ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Wanda ya ɗora wa yaro maita ya karɓi kuɗi domin ya fitar da ita, ya ci amanar littafin da yake riƙe da shi, domin Almasihu cewa ya yi a bar yara ƙanana su zo wurinsa. Abin da kawai zan ƙara shi ne, a cikin waɗanda suke ɗebo yaran nan daga titi su ba su abinci da karatu, akwai masu aikin coci da yawa, kamar limaman Don Bosco. Faɗan a cikin gida yake, kuma ya kamata masu fim na addini su tsaya a gefen yaran ƙarara, su yi wasan da zai nuna yaro mai farfaɗiya ana kai shi asibiti maimakon a ɗaure shi da azumin dole.

Dakta Iliyasu:
Ina so in kawo misali ɗaya da ya nuna haɗarin fim ɗin da aka yi domin na nesa. A watan Maris na 2012 ƙungiyar Invisible Children ta Amurka ta saki Kony 2012, fim na rabin sa'a a kan madugun 'yan tawayen Yuganda Joseph Kony da dakarunsa na ƙungiyar LRA, kuma cikin kwana shida aka kalle shi sau miliyan 100. Mai kallo zai ɗauka a arewacin Yuganda ake ta'asar, alhali tun 2006 mayaƙan sun bar can, ɓarnarsu ta koma arewa maso gabashin Kwango da Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu. A yankin Haut-Uélé na Kwango ne suka kashe ɗaruruwan mutane a lokacin Kirsimetin 2008, suka sake yin kisan kiyashi a Makombo a Disambar 2009. Da aka haska fim ɗin a garin Lira na Yuganda, mutanen da suka sha wuyar yaƙin suka fusata har da jifa, domin sun ga labarin wani Ba'amurke da ɗansa ne ya mamaye wurin da ya kamata a ji muryarsu. A daidai wannan lokaci, a garin Dungu na Kwango, wata sista mai suna Angélique Namaika tana zagayawa a kan keke tana tattara matan da suka kuɓuto daga hannun LRA, tana koya musu ɗinki da gashin burodi da karatu. A 2013 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta kyautar Nansen. Mutum nawa ne cikin miliyan ɗarin nan suka taɓa jin sunanta?

Sagir Mai Tace Hoto:
Dakta, shi ya sa fim ɗin Sema ya burge ni. Kalmar a Suwahili tana nufin yi magana. Matan ƙungiyar waɗanda suka tsira daga cin zarafi a Kwango ne suka rubuta labarin da kansu, yawancin 'yan wasan ma daga cikinsu ne, sannan matashiya 'yar ƙasar, Machérie Ekwa Bahango, ta ba da umarni. An sami tallafi daga gidauniyar Mukwege, wato kuɗin waje ya shigo, amma matan ne suka zaɓi abin da za a nuna da wanda za a sakaya. Matar da ta tsaya gaban kyamara a irin wannan aiki ta san inda fuskarta za ta je, ta kuma yarda, ba kamar yarinyar da Malama ta ba mu labari ba.

Hajiya Rabi:
Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma wadda ta sha ita ta san iyakar abin da za ta iya faɗa a gaban jama'a. Sai dai ina tunanin abin da zai biyo bayan haskawa, domin wadda ta fito ta yi magana a ƙauyenta za ta koma gida a daren nan, wataƙila wanda ya zalunce ta yana cikin 'yan kallo da bindigarsa a ɗaki. Masu fim za su naɗe allonsu su tafi, ita za ta zauna. Alhaji Mamman, a wuraren da kuka je, wa yake tsaya mata?

Alhaji Mamman Maraɗi:
Hajiya, tambayarki ce ta fi kowace wuya. A inda aka yi aikin da hankali, ba a haska fim a yankin da matan cikinsa suka fito sai da izininsu, kuma ba a tashi taro sai an faɗa wa jama'a asibitin da za a je, da cewa akwai maganin kariya daga ƙanjamau da yake aiki idan an fara sha cikin sa'a 72. Matan zumunta na coci ne suke ci gaba da bibiya bayan mun tafi, su ne suke raka mace asibiti, su ne suke zama da dangin miji har a sasanta. A garuruwan da ke da Musulmi, irin su Uvira, ana neman limamin masallaci shi ma ya sa baki. A inda aka yi gaggawa kuwa domin a cika adadin ƙauyukan da aka rubuta a rahoto, ana tayar da tsohon miki ne a bar shi a buɗe. Na ga iri biyun da idona. Yanzu da ƙungiyar 'yan tawaye ta M23 ta karɓe Goma a Janairun 2025, ta karɓe Bukavu a Fabrairu, tara jama'a da dare a buɗaɗɗen fili ya zama abin tsoro, kuma hanyoyin da muke bi da janareto a bayan mota da yawansu sun cika da shingayen 'yan bindiga.

Malam Habibu:
Allah ya kawo musu sauƙi. Zan koma kan mutanen jirgin da na fara da su, domin akwai abin da ban faɗa ba. Kotun Duniya ta samu Yuganda da laifi tun 2005, amma sai a Fabrairun 2022 ta yanke diyyar dala miliyan 325, a biya kashi biyar, kuma kashin farko na dala miliyan 65 ya shiga hannun gwamnatin Kwango a watan Satumban shekarar. A cikin fim ɗin, kafin su kama hanya, mutanen nan suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo tasu a Kisangani, suna hawa dandamali da sandunansu suna kwaikwayon ranakun da bama-bamai suka sauka a kansu, suna waƙa, 'yan garinsu suna kallo. Sagir, idan za ka iya nema mana hanyar samun Sema ta halal, ina son mu kalle shi a wannan zaure kafin ƙarshen wata, kuma ina roƙon Malama Rifkatu da Hajiya Rabi su jagoranci tattaunawar da za ta biyo baya.

Malama Rifkatu:
Na amince, Malam. Zan kuma gayyato abokan aikina biyu daga sashen masu yoyon fitsari, domin mu ne ake miƙa wa takardar dangwalawa mu kai wa marasa lafiya, kuma ina son su ji wannan magana kafin baƙi na gaba su iso da kyamarorinsu.